Keke Biyu Kafaɗa Da Kafaɗa, Da Haƙƙin Hanya

A ranar 29 ga Janairu, 2022, gyare-gyaren da gwamnatin Birtaniya ta yi wa kundin ƙa'idojin hanya na ƙasarta, wanda aka fara bugawa tun 1931, suka fara aiki, kuma ko da yake gyare-gyaren sun taɓa al'amura da dama, tun daga yadda mutum zai buɗe ƙofar mota har zuwa yadda zai wuce mahayin doki a kan titi, kaɗan ne daga cikinsu suka tayar da ƙura a gidajen rediyo da shafukan jaridu kamar wata mas'ala wadda mai jinta daga nesa zai ɗauka ba ta kai a ɓata yawu a kanta ba, wato ko ya halatta masu keke biyu su jera kafaɗa da kafaɗa a kan kwalta alhali ga mota a bayansu tana neman wucewa. Tsohuwar ƙa'ida ta hana su wuce biyu a jere, ta kuma umarce su da su koma ɗaya bayan ɗaya a ƙunƙuntar hanya, da hanya mai cunkoso, da wurin shan kwana. Sabuwar kuwa ta fito fili ta ce suna iya tafiya biyu-biyu, har ma ta ƙara da cewa sau da yawa hakan ya fi aminci, musamman idan ayarin yana da yawa ko akwai yara da 'yan koyo a ciki, da sharaɗin su riƙa lura da motocin da ke bayansu, su buɗe musu hanya a duk lokacin da suka ga babu haɗari. A ɗaya ɓangaren ta ɗora wa direba nauyin barin tazarar da ba ta gaza mita ɗaya da rabi ba tsakaninsa da mai keke idan gudunsa bai wuce mil 30 a sa'a ba, ya kuma ƙara tazarar gwargwadon ƙarin gudunsa, in kuwa babu wannan sarari, to ya haƙura ya bi baya har Allah ya kawo shi inda akwai.

Direbobi da yawa a can sun ɗauki abin da zafi. Hujjarsu, wadda ba na shakkar duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari ya ji ta a ransa ko da bai furta ba, ita ce mutum biyu da suka jera suna hira a kan keke sun tare hanya don jin daɗin kansu, sun tilasta wa mai uzuri ya yi tafiyar hawainiya a bayansu, alhali da sun koma layi ɗaya sun maƙale a gefe da kowa ya wuce abinsa. Wasu suka ƙara da cewa masu keke ba sa biyan harajin hanya, don haka baƙi ne a kanta, kuma baƙo ba ya shimfiɗa ƙafa a tabarmar maigida. Wannan magana ta biyu ba ta da tushe ko a tarihinsu, domin tun 1937 aka daina ware harajin mota don gyaran hanya shi kaɗai, ana zuba shi a baitulmali ne a gina titi da kuɗin kowa da kowa. Kuma tun 1888, kafin mota ta zama abin hawan jama'a, dokar Ingila ta riga ta sanya keke cikin jerin abubuwan hawa masu haƙƙi a kan titi. Amma hujja ta farko tana da kama da gaskiya, kuma ita ce nake so mu zauna mu warware a tsanake, domin ni ra'ayina ya saɓa mata, kuma ina ganin rayuka na salwanta a dalilinta.

Mai karatu na iya tambaya me ya haɗa mu da gardamar Turawa a kan hanyoyin ƙauyukansu. Abin da ya haɗa mu shi ne keke ya dawo. Ƙasarmu ba baƙuwar keke ba ce, domin iyayenmu sun ga zamanin da malamin makaranta da malamin asibiti da ɗan kasuwar ƙauye ba su da abin alfahari kamar Raleigh mai kariya da ƙararrawa, har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano saboda yawan masu saye. Daga baya babur ya zo ya ture shi, aka bar shi ga yara da masu itace da masu kai madara. To tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa har ta tsallake 1,000, sai ga magidanta masu furfura, ma'aikata da malamai da 'yan kasuwa, sun jingine babura da motoci sun kakkaɓe ƙurar kekunan da suka daɗe a rataye, masu faci kuma suka sake samun ciniki. Duk wanda ya fita da sassafe a kan hanyoyin da ke shiga manyan garuruwanmu zai gan su, biyu-biyu da uku-uku, wasu da buhu a kariya, wasu da yaro a gaba, motoci na gilma su da tazarar da ba ta wuce kamu ɗaya ba. Saboda haka tambayar da Turawa suka yi ta zama tamu, sai dai mu ba mu tsaya mun yi ta ba.

Bari mu fara da awo, domin lissafi ba ya son kai. Faɗin hannu ɗaya na titin mota mai kyau bai cika wuce mita uku da rabi da ɗan ɗoriya ba. Mai keke, komai ladabinsa, ba zai iya ɗora tayarsa a kan bakin kwalta daidai ba, saboda a nan ne yashi da tsakuwa da fasassun kwalabe da ramuka suke taruwa, don haka dole ya bar kamar rabin mita. Faɗin kan kekensa da kafaɗunsa ya kai wani rabin mitan da 'yan kai. In aka ɗora mita ɗaya da rabin da ake nema a bar masa, an cinye fiye da mita biyu da rabi ke nan, abin da ya rage kamar mita ɗaya ne kawai, alhali ƙaramar mota kanta faɗinta ya kusa mita biyu, balle bas ko tifa ko tirela masu mita biyu da rabi. Natijar wannan lissafi a bayyane take: babu yadda direba zai wuce mai keke, ko da shi kaɗai ne tilo, wucewa ta aminci, ba tare da ya ari hannun masu tahowa ba. In kuwa haka ne, to sharaɗin wuce keke ɗaya da sharaɗin wuce keke biyu a jere abu guda ne, wato ɗaya hannun ya zama babu kowa, kuma direba yana hango gabansa sosai. Idan ɗaya hannun a buɗe yake, keke na biyu bai hana shi komai ba. Idan kuwa akwai mota tafe, to abin da keke na biyu ya hana shi kawai shi ne ya kutsa ta tsakanin mai keke da motar da ke tahowa, ya ratsa kamar zare a kafar allura, wanda dama shi ne aikin da bai kamata ya yi ba tun farko.

Akwai kuma fa'ida ta biyu wadda ta shafi direban kansa. Kekuna goma a layi ɗaya, in aka ba kowanne mita biyu na tsawonsa da mita ɗaya na tazara, sun zama igiya mai tsawon mita talatin, kuma duk tsawon nan direba yana cikin hannun da ba nasa ba, ransa da na fasinjojinsa a hannun ƙaddara. In suka jera biyu-biyu tsawon ya koma rabi, zamansa a hannun aro ya ragu matuƙa. Sa'an nan idon direba ya fi saurin ganin abu mai faɗi da ya yi kama da abin hawa fiye da siririn mutum guda da ya saje da inuwar itatuwan gefen hanya. Uban da ya sa ɗansa a ɓangaren gefe, shi kuma ya tsaya ta ɓangaren motoci, ya mai da jikinsa garkuwa ne, kuma ban san sunan da za a kira wannan da shi ba in ba tausayi ba.

Na san wannan al'amari a jikina kafin in san shi a takarda. Shekarun baya, ina koyarwa a wata makarantar ƙauye, mukan hau keke ni da wani dattijon malami abokin aikina zuwa garin da ake cin kasuwa ran Laraba, mu jera muna tafe muna muraja'ar abin da ya karantar da ni da dare, domin shi ne ya fara buɗe mini littattafan fiƙihu. Wata rana muka ji ƙugin babbar mota a bayanmu, ta yi lodin buhuna har sama da kanta, sai ya ce mini, “Malam ƙarami, shige gaba mu ba bayin Allah hanya.” Na shige gaba, ya bi bayana, muka lafe a bakin kwalta iyakar lafewa. A daidai lokacin wata bas na tahowa daga gaba. Da muna jere kamar yadda muke da farko, babu makawa sai direban ya taka birki ya jira bas ta wuce. Amma da ya ga mun ba shi 'yar kafa, sai ya ɗauka izini ne, ya danno ta tsakani ba tare da ya rage gudu ba. Motar ba ta taɓa ɗayanmu ba. Iskarta ce ta fara tura dattijon waje, sa'an nan ta zuƙo shi ciki, kan keken ya kuɓuce masa, ya faɗa kwalbati ya karye a hannun dama, hannun da yake rubutu da shi a allo. Direban bai tsaya ba, kuma ina kyautata zaton bai ma san abin da ya bari a bayansa ba. Wata uku malamin nan yana jinya wurin mai ɗori, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa, Allah ya jiƙansa, hannun bai ƙara miƙewa daidai ba. Ladabinmu ne ya jawo mana, kuma tun daga ranar nake ƙin jin kalmar nan da direbobi ke kare kansu da ita, wai “ai ban taɓa shi ba.”

Ian Walker, wanda a lokacin malami ne a jami'ar Bath a Ingila, ya auna wannan abu da na'ura a 2006. Ya ɗaura wa kekensa ma'aunin tazara, ya yi ta yawo a titunan Salisbury da Bristol har motoci kimanin 2,500 suka wuce shi, kuma a cikin aikin sau biyu aka buge shi, sau ɗaya bas, sau ɗaya babbar mota. Ya gano cewa manyan motoci sun fi ƙanana matse mai keke. Ya kuma gano cewa idan ya sa hular kwano direbobi sukan ƙara matsowa da kimanin santimita takwas da rabi. Idan kuma ya sa dogon gashi har aka ɗauke shi mace daga baya, sai a ƙara masa sarari. Abin da na fahimta daga wannan shi ne tazarar da direba ke bari hukunci ne da zuciyarsa ke yankewa a cikin ƙiftawar ido game da wanda ke gabansa, ko ya cancanci a tausaya masa ko bai cancanta ba, kuma abin da zuciya ke yankewa tarbiyya na iya gyara shi. Amana ta sa in faɗi cewa binciken nan ya kuma nuna wani abu da bai goyi bayana ba gaba ɗaya, wato gwargwadon yadda mai keke ya matso tsakiyar titi, gwargwadon yadda tazarar da ake bar masa ke raguwa. Ma'ana shiga tsakiya kaɗai ba magani ba ne muddin direba bai yarda a ransa cewa wajibi ne ya fita ɗaya hannun gaba ɗaya ba. Gyaran na direba ne kafin ya zama na mai keke.

Kuma Birtaniya ba ita kaɗai ta bi wannan tafarki ba. Dokar Faransa ta yarda da keke biyu a jere, ta wajabta musu komawa layi ɗaya da faɗuwar rana ko idan mota ta nemi wucewa, ta kuma sa wa direba mita ɗaya a cikin gari, mita ɗaya da rabi a wajen gari. Jamus tun 2020 ta sa mita ɗaya da rabi a gari, mita biyu a waje. Sifen ta ba direba damar tsallaka farin layin da ba a tsallakawa domin ya bar wa mai keke haƙƙinsa, in dai babu mai tahowa.

Sai dai abin da ya fi jan hankalina a gyaran na 2022 shi ne asalin da aka gina shi a kai, wanda suka sa a farkon kundin: cewa masu amfani da hanya ba daidai suke ba wajen nauyi, wanda abin hawansa ya fi iya yin ɓarna shi ya fi kowa ɗaukar alhakin kiyayewa, direban tirela a kan mai ƙaramar mota, mai mota a kan mai babur da mai keke, mai keke kuma a kan mai tafiya a ƙasa. Turawa sun karɓi wannan a matsayin sabon abu, har wasu suka kira shi zalunci ga direbobi. Amma ɗalibin da ya zauna a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu fiye da shekara dubu da suka wuce, ya san cewa malaman Malikiyya sun daɗe da hukunta cewa mahayin dabba, da mai jan ta, da mai kora ta, duk suna lamunin abin da ta tattake, domin linzami a hannunsu yake. Ya kuma san cewa a ladubban sallama mahayi ne ake nema ya fara yi wa mai tafiya a ƙasa, kuma malamai sun bayyana hikimar haka da cewa wanda ke sama shi ya fi kusa da girman kai, shi kuma ake jin tsoro, don haka shi ya kamata ya fara ba da aminci. Ya san cewa hanya tana da haƙƙi a shari'a, cewa kamewa daga cutar da masu wucewa na cikin haƙƙoƙin nan, cewa kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani. In ƙaya da dutse ana samun lada don an ɗauke su daga turba, ina hukuncin wanda ya mai da kansa abin cutarwar, ya tuƙo ƙarfe mai nauyin tan ɗaya da rabi ya goga shi a jikin bawan Allah da ba shi da kariya sai rigar da ke wuyansa? Kiyaye rai na cikin manyan manufofin shari'a guda biyar, kuma kisan kuskure, ko da babu niyya ko kaɗan, yana jawo diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere. Mutanen da suka gaji irin wannan fiƙihu bai kamata a ce sai wata ƙasa ta koya musu cewa mai ƙarfi shi ke jiran mai rauni ba.

To mene ne ma abin da ake jira ɗin? Mu ƙaddara direba ya biyo bayan masu keke da ke tafiyar kilomita 15 a sa'a, ya rasa damar wucewa har tsawon mita 200. Zai ci wannan tazara cikin daƙiƙa 48, alhali da yana gudun kilomita 60 zai ci ta cikin daƙiƙa 12. Asararsa ke nan daƙiƙa 36, lokacin da bai isa mutum ya kammala alwala ba, kuma sau da yawa zai tarar da abin da ya tsere wa yana jiransa a shingen bincike ko a cunkoson shataletale na gaba. A ɗaya gefen ma'auni kuwa akwai gaskiyar da ke cikin jadawalin kundin na Birtaniya, cewa motar da ke gudun mil 30 tana bukatar mita 23 kafin ta tsaya cik, mai gudun mil 60 kuwa mita 73, a kan busasshiyar kwalta da birki mai kyau da taya mai kyau, abubuwan da ba kullum muke da su ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma nahiyarmu ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka gwada da yawan jama'a. Sauri ya haifi nawa, in ji magabata, amma a kan kwalta abin da yake haifa marayu ne.

Ba zan ɓoye ba, akwai haƙƙi a kan masu keke su ma, kuma wanda ya kare su bai yi musu adalci ba in ya rufe ido ga laifinsu. Jerawa biyu daban, bazuwa uku da huɗu a faɗin titi daban. Wanda ya ga motoci sun yi jerin gwano a bayansa, ga fili a gaba inda zai iya raɓewa, ya ƙi don taƙama da cewa doka ta ba shi, ya ci amanar sassaucin da aka yi masa, domin an halatta jerawa ne saboda tsaro, kuma abin da aka halatta don wata illa yana tafiya ne tare da illarsa. Mai keken da ke fita bayan magariba da baƙar riga, babu fitila a gaba, babu ja a baya, ya sa direba mai tsoron Allah cikin fitinar da bai nema ba. Haka wanda ke bin hannun da ba nasa ba yana fuskantar motoci, ko mai ɗauko ƙofa ko rodi a gicciye, ko mai karya kwana ba tare da ya miƙa hannu ya nuna ba. Kuma da yake mai keke shi ma mahayi ne, tsohuwa mai tallan goro da yaro mai tsallaka titi suna da irin haƙƙin a kansa da yake nema a kan mai mota.

Haka nan ba zan shawarci ɗana ya jera da abokinsa a kan babbar hanyar Kano zuwa Zariya ba, inda tireloli da tankoki ke gudu dare da rana, domin kasancewarka mai gaskiya ba ya tsayar da motar da birkinta ya tsinke. A irin waɗannan hanyoyi maganin shi ne a raba su, a yi wa masu ƙafa biyu turbarsu daban, kamar yadda mutanen Holan suka yi bayan shekarar 1971, lokacin da hatsarin mota ya kashe musu mutum fiye da 3,000, cikinsu da yara sama da 400, iyaye suka fito kan titi suna kiran abin da sunan kisan yara, har gwamnati ta sauya yadda take gina hanyoyi. Ba sai mun je Turai ba ma, duk wanda ya je Wagadugu ya ga manyan tituna da aka keɓe wa kekuna da babura gefensu. Mu kuwa mun taɓa yin ministan sufuri, Ojo Maduekwe, wanda a farkon shekarun 2000 ya yi ta kira a koma hawan keke, ya kuma hau da kansa a Abuja, har wata bas ta ture shi cikin kwata. Jama'a suka mai da abin abin dariya, alhali abin da ya faru hujja ce a kan hanyoyinmu da tuƙinmu, wadda ya kamata a tsaya a yi wa nazari. Muna gina gadoji na sama da na ƙasa a biranenmu da biliyoyin naira, kuma a mafi yawansu ba a tuna da mai keke ba ko da faɗin tabarma.

Kafin a kai ga gina turba, akwai abin da ba ya cin kuɗi. 'Yan sandan yankin West Midlands a Ingila sun fito da wata dabara a 2016: ɗan sanda ya sa farin kaya ya hau keke, duk motar da ta matse shi sai ya sanar da abokan aikinsa a gaba su tsayar da ita, a shimfiɗa wa direban wata tabarma da aka zana awon mita ɗaya da rabi a kanta, a nuna masa da idonsa inda ya bi da inda ya kamata ya bi, wanda ya ƙi sauraro ko ya yi ganganci mai yawa a kai shi kotu. Rundunoni da dama a ƙasar sun kwaikwaye su daga baya. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasarmu, wadda aka kafa tun 1988, tana da jami'ai a kowace jiha, kuma tana shiga tashoshin mota tana wa'azi musamman gab da bukukuwan salla da ƙarshen shekara. Ina roƙonta ta ɗauki wannan awo ta sa shi a bakin kowane direba, a tambaye shi a jarrabawar lasin, a zana shi da fenti a ƙasan kowace tasha, tare da keke na gaske a tsaye a gefe, domin direban da ya taɓa tsayawa a inda mai keke ke tsayawa, aka gilma masa bas a tazarar kamu ɗaya, ba zai manta ba. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi, waɗanda maganarsu ta fi ta kowane jami'i tasiri a kan yaransu, su riƙa faɗar ta a taronsu. Limamai kuma, da suke yi mana huɗuba a kan riba da gulma da tauye mudu, su haɗa da tauye hanya, domin shi ma tauye haƙƙi ne, kuma mamu da yawa da mukullin mota a aljihunsu suke sauraro.

Ga ɗan'uwana direba kuwa, abin da nake nema bai wuce wannan ba: in ka hango su a gabanka, ɗaya ne ko biyu, ɗaga ƙafa daga totur tun daga nesa, kada ka danna musu oda a ƙeya domin firgita na sa kan keke ya karkace, ka duba gaba ka duba madubi, in ɗaya hannun babu kowa ka kunna sigina ka fita gaba ɗaya kamar mota za ka wuce, kada ka dawo sai ka ga fuskokinsu a madubinka. In kwana ce, ko tudu, ko gada, ko akwai mai tahowa, ka zauna a bayansu ka ƙirga daƙiƙa talatin da shida ɗin nan.